Dilan Hamada: Janar Rommel Da Lambobin Wuyansa



Da Edita ya matsa mini lamba a kan lalle in kawo wani abu na tarihi, sai na tuna da wani littafin yaƙi da ke laburaren makaranta, wanda bangonsa ya ɗaye saboda shan hannu. 'Yan ajinmu ba za su manta da shi ba. A cikinsa akwai hoton wani Bajamushe da tabarau na kare ƙura bisa hularsa, da lambobi biyu rataye a maƙogwaronsa. Mun sha gardama a ɗakin kwana a kan mutumin nan, wasu na cewa ba a taɓa yin janar kamarsa ba. Ranar da muka kai maganar gaban malamin tarihi, sai ya yi murmushi ya ce mu daina ƙirga lambobin, mu je mu binciko wanda ya ba shi kowace ɗaya, da kuma halin da mai bayarwar yake ciki a ranar. A lokacin mun ɗauka Malam gudun tambaya yake yi. Ga shi sai bayan furfura na zo ina yin aikin gidan da ya ba mu.

Sunan mutumin Erwin Rommel. An haife shi ran 15 ga Nuwamba, 1891, a garin Heidenheim da ke kudancin Jamus. Malamanmu za su ji daɗin jin cewa ubansa malamin makaranta ne, har ya zama hedimasta. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a labarinsa, domin a sojan Jamus na wancan zamani manyan muƙamai na 'ya'yan sarauta ne, masu "von" a gaban sunansu. Ɗan malami ba shi da gidan da zai jingina da shi. Abin da kawai zai sa a san da shi shi ne aikin hannunsa da shaidar da aka liƙa masa a ƙirji. Ya shiga soja a 1910, kuma soja ne na ƙasa, mai tafiya da ƙafa.

A Yaƙin Duniya na Farko an harbe shi a cinya a Faransa cikin Satumban 1914, aka ba shi Kuros ɗin Ƙarfe mai daraja ta biyu, a farkon 1915 kuma ya sami mai daraja ta ɗaya. Amma lambar da ransa ke so ita ce wadda ake kira Pour le Mérite, wani shuɗin kuros da Sarki Frederick na Prussia ya ƙirƙiro a 1740, wadda babu ta sama da ita ga hafsan Jamus. A nan ya kamata mu ɗan daɗe, don a nan ne halinsa ya fito fili.

Ran 24 ga Oktoba, 1917, Jamus da Austriya suka afka wa Italiya a Caporetto. Rommel yana Laftanar, ɗan shekara 25, yana jagorantar 'yan kamfanoni na wata bataliyar hawan duwatsu. Babban kwamandansu, Janar Otto von Below, ya yi alkawarin shuɗin kuros ga hafsan da ya fara taka ƙololuwar dutsen Matajur. Rommel ya ɗebi mutanensa ya riƙa zagaya Italiyawa ta baya, yana ɓullo musu ta inda ba su zata ba, kwana biyu da 'yan awoyi ba barcin kirki. Ya kama kimanin mutum 9,000 da igwa 81, shi kuwa mutum 6 aka kashe masa. Kafin azahar ran 26 ga wata yana bisa dutsen. Sai me? Sai aka ba wani Laftanar Schnieber lambar, bisa rahoton kuskure cewa shi ya ci Matajur. Kafin wannan ma an ba wani Laftanar Schörner irinta a kan wani tudu da Rommel ke ganin da guminsa aka ci shi. Wani da sai ya haɗiye ya bar wa Allah. Rommel ya rubuta ƙara, ya kuma ci gaba da yaƙi kamar mai huce haushi, har ya tare hanyar garin Longarone a Nuwamba, aka kama wasu Italiyawan wajen 10,000. A Disamba aka ba shi lambar tare da kwamandan bataliyarsa, Manjo Sproesser. Duk da haka bai huce ba, ya yi ta bin masu rubuta tarihin soja su gyara abin da suka rubuta game da Matajur. Wannan shuɗin kuros shi ne ɗaya daga cikin biyun da muka gani a hoton, kuma a ganina ita ce lambar da babu wanda zai yi masa gori a kanta.

Bayan yaƙi ya koma koyarwa a makarantun soja, a Dresden da Potsdam. A 1937 ya buga littafi a kan dabarun sojan ƙasa, wanda ya gina bisa abin da ya gani da idonsa. Hitila ya karanta, ya yaba, ya jawo shi jiki ya ba shi riƙon bataliyar da ke tsaron lafiyarsa. Yana wannan aiki aka mamaye Poland a 1939. Wasiƙun da ya riƙa aika wa matarsa Lucie a lokacin cike suke da yabon maigidan nasa. A Poland ya ga aikin tankokin yaƙi, sai ya roƙi a ba shi rundunarsu. Ofishin da ke raba muƙamai ya ga mutumin duwatsu ne, bai taɓa jagorantar tanka ko ɗaya ba, amma wa zai ja da wanda Hitila ya tsaya wa? A Fabrairun 1940 aka damƙa masa Runduna ta 7 ta tankoki.

Da aka shiga Faransa a watan Mayu, sai ya riƙa yi da tanka abin da ya yi da ƙafa a Italiya. Ya ƙetare kogin Meuse kusa da Dinant ran 13 ga wata, yana tsaye a bakin ruwa ana ruwan harsashi. Daga nan ya riƙa gudu dare da rana, har hedikwatarsu ma ta kan rasa inda yake, abin da ya sa aka laƙaba wa rundunar sunan Rundunar Fatalwa. A Arras, ran 21 ga Mayu, tankokin Ingila masu kaurin ƙarfe suka kusa tarwatsa shi, sai ya sa aka kwantar da bakin igwar harbo jiragen sama mai faɗin milimita 88, aka riƙa harbin tanka da ita. A ƙarshen watan aka ba shi Kuros ɗin Barade, wato na biyun da ke wuyansa a hoton. A cikin hafsoshinsa akwai Karl Hanke, babban jami'i a ma'aikatar farfaganda ta Goebbels, shi kansa Rommel kuma ba ya rabo da kyamara. Tun daga nan jaridun Jamus suka same shi.

Akwai abin da littafin laburarenmu bai faɗa mana ba, kuma ya shafe mu. A farkon Yunin 1940, a yankin kogin Somme, waɗanda suka tsaya wa Jamusawa da gaske har da sojojin Afirka ta Yamma da ke yi wa Faransa yaƙi. Da albarusai suka ƙare musu suka miƙa wuya, sai aka ware baƙaƙe daga farare aka harbe da yawa daga cikinsu. A garin Airaines, ran 7 ga Yuni, aka kashe Kyaftin Charles N'Tchoréré, mutumin Gabon, don ya ƙi yarda a raba shi da sauran hafsoshi saboda launin fatarsa. Masu bincike sun danganta wasu kashe-kashen wannan yanki da sojojin Runduna ta 7. Ba a sami wata takarda da ta nuna Rommel ya ba da umurni ba, amma rundunarsa ce, kuma kwana goma sha ɗaya ke nan da rataya masa lamba.

Ran 12 ga Fabrairu, 1941, ya sauka a Tarabulus, garin nan da ayarin raƙuman Kano ke zuwa fatauci a da. An aiko shi ne ya tallafi Italiyawa, waɗanda Ingila ta kama musu mutum wajen 130,000 cikin wata biyu. Ran 20 ga Maris aka ƙara masa ganyen azurfa a kan kuros ɗinsa, saboda aikin Faransa, manyansa a Berlin kuma suka ja masa kunne cewa kada ya kai hari sai ƙarin tankoki sun iso a Mayu. Kwana huɗu bayan nan ya kai harin. Cikin mako biyu ya kwace Bangazi, ya kama Janar O'Connor wanda ya karya Italiyawa, ya doshi iyakar Masar. Tabarau ɗin nan na hularsa ma daga kayan Ingilishi da aka kwasa ganima ya ɗauke shi. A nan ya sami laƙabin da na fassara da Dilan Hamada. Dabbar da Turawan ke nufi ta fi kusa da yanyawa, amma a wurinmu dila ne malamin daji, don haka na bar masa dila.

Sai dai tashar jiragen ruwa ta Tubruk ta gagare shi. Sojojin Ostareliya suka riƙe ta, ya yi ta tura mutanensa cikin gaggawa ba tare da shiri ba, suka yi ta mutuwa a bakin waya. Wata takwas yana kewaye da garin. A Nuwamba Ingila ta kawo babban hari, zuwa ƙarshen shekara ya koma inda ya faro. To, ran 20 ga Janairu, 1942, aka ƙara masa takubba biyu a kan ganyen. A nan tambayar Malam ta fara aiki. Janar ne da ya ja da baya ɗaruruwan kilomita, me ya sa ake ƙara masa girma? Amsar tana Rasha. A Disamban 1941 an kora sojan Jamus daga ƙofar Mosko, sanyi yana kashe su, Hitila yana tuɓe janar-janar. Goebbels yana bukatar fuskar da zai nuna wa jama'a, ga kuwa wani can cikin rana da rairayi, nesa da ƙanƙara. Ban ce bai cancanta ba, don washegari ya juyo ya sake kwace Bangazi cikin kwana tara. Su ma Ingilishi sun taya shi suna, har Churchill ya yabe shi a majalisa a wannan watan, domin wanda ya kayar da kai gara ka ce ƙato ne.

A nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Dattawanmu da suka yi yaƙin Hitila yawancinsu Habasha da Bama aka kai su, amma jiragen saman da suka yaƙi Rommel da yawansu ta samanmu suka wuce. Tun da Bahar Rum ta zama mai haɗari, sai Ingila ta riƙa kawo jirage a cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, su taso ta Ikko, su sauka Kano, su bi ta Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, su ratsa Sudan ta Hartum har Alƙahira. An fara a Satumban 1940, zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Abin da ya sa ta yiwu shi ne Gwamnan Chadi, Félix Éboué, baƙar fata, ya bi Janar de Gaulle a Agustan 1940. Jamusawa sun san da hanyar, har a Janairun 1942 wani jirginsu guda ɗaya ya ratso hamada daga Libiya ya jefa bam a filin jirgin Fort Lamy ya ƙona ma'ajiyar mai. A hanyar komawa shi ma mai ya ƙare masa ya sauka cikin rairayi.

Ƙololuwar nasararsa ita ce Gazala. Ya fara ran 26 ga Mayu, 1942, ya zagaya layin Ingila ta kudu, aka kusa rufe shi ba ruwa ba mai, ya fasa ya fita. A Bir Hakeim sojojin de Gaulle, cikinsu har da bataliyar 'yan Afirka ta Tsakiya, suka tsayar da shi mako biyu. Ran 21 ga Yuni Tubruk ta faɗi cikin kwana ɗaya, aka kama mutum kimanin 33,000. Washegari Hitila ya naɗa shi Fil Mashal yana da shekara 50, mafi ƙuruciya a sojan ƙasa na Jamus a lokacin. An ruwaito ya gaya wa matarsa cewa da ƙarin runduna ɗaya aka ba shi da ya fi masa sandar.

Wayon dila kuma yana da mataimaka. Wani hafsan Amurka a Alƙahira, Kanar Bonner Fellers, yana aika wa Washington cikakken rahoto a kan shirin Ingila, ashe an riga an sace mabuɗin rubutun sirrinsa, ana karantawa ana miƙa wa Rommel. A ƙarshen Yuni aka toshe wannan kafa. Ran 10 ga Yuli kuma aka murƙushe kamfaninsa mai sauraron rediyon abokan gaba. Su kuwa Ingilishi suna karanta saƙonnin Jamus, sun san ranar da jirgin ruwan mai zai taso daga Italiya, su tare shi su nutsar. Daga Tarabulus zuwa El Alamein, inda aka tsayar da shi, ya fi kilomita 2,000, kamar mutum ya tashi daga Kano ya je Ikko ya komo, kuma hanya ɗaya ce tal a bakin teku. Motocin da ke kai man su ke shanye kaso mai yawa kafin su isa. An tsara a fara cin tsibirin Malta don a tsare hanyar ruwa, shi da kansa ya roƙi Hitila a bar wannan a bi shi Masar. Wannan kuskurensa ne, ba na wani ba.

Ran 23 ga Oktoba, 1942, Janar Montgomery ya buɗe wuta da mutum kimanin 195,000 da tanka fiye da 1,000, ninkin abin da Jamus da Italiya ke da shi. Rommel yana jinya a Austriya, wanda ya riƙe masa, Janar Stumme, zuciyarsa ta buga ya mutu washegari. Ya komo ran 25 ya tarar sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Da ya fara janye mutanensa, sai ga saƙon Hitila ran 3 ga Nuwamba cewa ko nasara ko mutuwa, ba ja da baya. Ya bi umurnin kwana ɗaya, abin da ya jawo asarar sojojin ƙasa masu yawa, musamman Italiyawa marasa mota, sa'an nan ya janye. Daga wannan rana ya fara ganin maigidansa da wani ido. Ran 8 ga wata Amurka da Ingila suka sauka a Maroko da Aljeriya, ya zama gaba kura baya sayaki. Ya ja ragowar rundunarsa har Tunisiya, ya ba Amurkawa kashi a Kasserine a Fabrairun 1943, aka fasa masa tanka fiye da 50 a Medenine ran 6 ga Maris. A Tunisiyar nan ne wani jami'in SS, Walther Rauff, ya tilasta wa Yahudawa wajen 5,000 aikin ƙarfi na gina wa sojan Jamus ramuka. Masu cewa yaƙin hamada yaƙi ne mai tsabta ba su cika ambaton wannan ba.

Ya bar Afirka ran 9 ga Maris. Ran 11 ga wata Hitila ya ƙara masa duwatsun daimon a kan takubban, shi ne mutum na shida da ya samu, na farko a sojan ƙasa, cikin mutum 27 kacal da aka ba a duk yaƙin. A zaman da aka ba shi lambar nan aka hana shi komawa wurin mutanensa, aka kuma ɓoye wa jama'a cewa ya taho. Ran 13 ga Mayu mutum wajen 250,000 suka miƙa wuya a Tunisiya. An cire shi ne don kada sunan da aka sha wahalar ginawa ya shiga sansanin fursuna.

A ƙarshen 1943 aka tura shi gaɓar tekun Faransa ya shirya tarbar taron dangi. Ya binne miliyoyin nakiyoyi, ya nemi a ajiye tankoki kusa da ruwa don ya san abin da jiragen sama ke yi wa motar da ke tafiya da rana, aka raba gardama aka ba shi kaɗan. Ran 6 ga Yuni, 1944, da aka sauka a Normandy, yana gida Jamus wajen bikin cikar matarsa shekara 50. Ran 15 ga Yuli ya rubuta wa Hitila cewa yaƙin Yamma ya kusa ƙarewa, a yi abin da ya kamata. Ran 17 jirgin sama ya harbi motarsa, ƙoƙon kansa ya tsage. Kwana uku bayan haka Kanar Stauffenberg ya dasa wa Hitila bam bai mutu ba. A Agusta aka ba Rommel lambar zinariya ta waɗanda aka raunata, ita ce ta ƙarshe. A daidai lokacin kuwa sunansa yana fitowa daga bakin waɗanda ake gana wa azaba, shugaban hafsoshinsa ma, Janar Speidel, yana cikin masu ƙulla abin. Har yau masana na gardama a kan iyakar abin da ya sani game da bam ɗin.

Ran 14 ga Oktoba, 1944, Janar Burgdorf da Janar Maisel suka zo gidansa a Herrlingen da tsakar rana. Suka ba shi zaɓi: ko ya tsaya gaban kotu, iyalinsa su ɗanɗana, ko ya sha guba a yi masa jana'izar gwamnati a bar matarsa da ɗansa. Ya hau bene ya gaya wa Lucie, ya gaya wa ɗansa Manfred mai shekara 15. Ya sa kwat ɗinsa na fata, ya ɗauki sandar Fil Mashal, ya shiga motarsu. Ba a yi rabin awa ba aka bugo waya daga asibitin Ulm. Aka sanar wa duniya cewa raunin Yuli ne ya tashi. Ran 18 ga wata aka yi jana'izar a Ulm, Fil Mashal von Rundstedt ya yi jawabi a madadin Hitila, ga ƙaton furen da Hitila ya aiko, wani hafsa kuma yana tafe a gaba ɗauke da lambobin bisa matashi, shuɗin kuros na Matajur yana cikinsu.

Burgdorf ya harbe kansa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na Hitila a farkon Mayun 1945. Maisel ya rayu har 1978. Manfred, wanda ya fara bayyana gaskiyar mutuwar ubansa a 1945, ya zama magajin garin Stuttgart daga 1974 zuwa 1996, ya kuma ƙulla abota da David, ɗan Janar Montgomery. Ya rasu a 2013.